Wuyan Keken Babana

Keken babana ya girme ƙanwata ta ƙarshe. Irin kekunan hawan tudu ne na da, kore, jikinsa ƙarfe zalla, tayoyinsa masu kauri. Da shi Baba ya yi shekaru yana kai wa teloli yadi daga kasuwar Makola zuwa unguwarmu, Nima. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun dama ya daina aiki, magana ta yi masa nauyi, sai aikin ya dawo kaina, har da keken. Bai ce ya ba ni ba. Cewa ya yi, "Riƙe."

Ramukan hanyoyin Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, ba sa tausayin wuyan hannu. Kullum na dawo sai matata ta gasa mini da ruwan zafi. Wata rana a Zongo Lane, wajen masu kayan gwanjo, na ga fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, amma mai sifirin a ciki. Na danna shi ya nutse, na saki ya taso a hankali. Ban bar wurin ba sai da shi a kafaɗata.

Mai gyaran kekenmu wani dattijo ne mutumin Maraɗi, abokin Baba tun suna samari. Ya cire tsohon fok, ya kwantar da su biyun a ƙasa, ya auna da hannunsa. Sabon ya fi tsohon tsawo da yatsa huɗu.

"Ɗana, duba nan," in ji shi, yana ƙwanƙwasa inda fok ke shiga jikin keke. "Wannan wuyan don gajeren fok aka yi shi. In ka sa dogo, gaba zai ɗaga, taya ta yi nesa. Duk sanda ka matse birki, kamar ka sa sanda ne kana ɓamɓarar wuyan."

"Kawu, ai ƙarfe ne."

"Ƙarfe ne da ya tsufa." Ya ɗago ya dube ni. "Babanka ya sani?"

"Ya sani," na ce.

Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauko zarto ya rage tsawon bututun sama, ya shafa wa boris man giris, ya ɗaure komai. Har ya gama bai sake duban fuskata ba.

Baba a ƙofar gida yake wuni, a kan benci. Don haka na koma shiga ta lungun baya, ina jingine keken bayan banɗaki, in rufa masa buhu. Matata ta gani, ta ce da irin Hausarmu ta Nima, "Wannan abu da ka yi, tsoho zai gani fa." Na ce mata zan gaya masa in na samu lokaci. Sati uku ban samu ba.

Gaskiya a kan ramuka keken ya zama wani abu dabam. Hannuna ya huta. Amma cikin cunkoso, in ina tafiya a hankali tsakanin masu tallar koko da masu tura baro, kan keken sai ya riƙa faɗawa gefe da kansa, sai na yi kokawa da shi. A hawan tudu kuma, in da kaya a baya, tayar gaba sai ta nemi barin ƙasa. A sati na biyu na fara jin wani ɗan sauti, ƙis, ƙis, duk lokacin da na tsaya. Na ɗaure kusoshi, na ɗiga mai. Sautin bai tafi ba, ni ma ban koma wurin Kawu ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, na ɗauro bandir biyu na atamfar anko. Ina gangarowa daga Nima zuwa gadar babbar kwata, nauyin kaya yana tura ni. Wata trotro, bas ɗin hayar nan, da ke gabana ta tsaya cak babu sigina, ɗan kwandasta ya diro yana kiran fasinja. Na kauce dama, sai ga wata mata da goyo ta fito daga bayan motar, tire a kanta. Na matse birki biyu da duk ƙarfina. Gaban keken ya nutse, kayan baya suka doki ƙuguna, na ji ƙas a ƙarƙashin hannuna, kamar an karya busasshen ice.

Tayar ta tsaya tana taɓa zanenta. Jaririn ko motsi bai yi ba. Ta zazzaga mini masifa da yaren Ga, ta ƙara da na Twi, ni dai haƙuri nake bayarwa. Da ta wuce na durƙusa na duba. A ƙasan wuyan, daidai inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, fenti ya dare, tsaga ta zagaye fiye da rabi. Na sa farce, ya shige. Da gangaren ya ƙara tsawo kaɗan, da ni da kaya da tayar gaba duk a kanta za mu ƙare.

Turawa na yi har rumfar Kawu. Ya shafa tsagar ya daɗe, sannan ya ce, "Me babanka ya ce da ya ga fok ɗin?"

Na kafa wa tsohon fok ɗin da ke jingine a rumfar ido.

Ya ajiye sifana. "To. Tashi mu je. Da hannuna na yanka, ba zan bari ya ji a bakin wani ba."

Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Kawu a gaba riƙe da tsohon fok, ni a baya ina tura keke, mutanen unguwa suna gaishe mu. Baba ya hango mu tun daga kwana. Ya kafa wa gaban keken ido har muka iso.

Na durƙusa na faɗi komai, har ƙaryar da na yi wa Kawu, har matar mai goyo. Baba ya miƙa hannun hagu ya jawo keken kusa, ya bi tsagar da babban yatsa. Leɓensa na rawa, kalmar ta ƙi fita. Muka jira. Da ta fito, ba ni ya yi wa ba.

"Walda," ya ce wa Kawu. "Da ni."

Washegari muka ɗauko tasi muka kai shi wurin mai walda a Maamobi, karo na farko da ya bar layinmu tun da ya kwanta. Aka ba shi kujera da baƙin gilashi. Mai waldar ya kankare fenti, ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya cike, ya ƙara wani ɗan faranti a ƙasan wuyan. Sau biyu Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya sa aka sake wani wuri. Kawu ya mayar da tsohon fok a gabansa.

Kwana goma Baba bai amsa gaisuwata da baki ba, sai dai ya ɗaga kai. Ni kuwa trotro na koma shiga da kayana, don ban san ko an yarda in sake hawa ba, ban kuma iya tambaya ba. Rana ta goma sha ɗaya ina fita da safe da buhu a kai, ya tare hanya da sandarsa.

"Telan masallaci ya aiko," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Kana makara. Hau."

Na hau. Wajen waldar baƙi ne, ba a yi masa fenti ba, kuma a ramin farko na ji jijjigar har cikin haƙorana. A gangaren gada kuwa sauka na yi na tura, haka kuma na ci gaba da yi kusan shekara guda.