Zanen Inna a Jikin Kwalekwale

Jiya na tarar da Yaya Isa a tsakar gidanmu na Shango, ya kifa sabon kwalekwalen da yake haɗawa, mai faffaɗan gindi, irin na kamun kifi a ruwa marar zurfi. Warin kwalta ya cika gidan kamar zamanin Baba.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Hajara, koren zanen nan na Inna yana wajenki?"

Shi kaɗai na riƙe cikin kayanta tun rasuwarta.

Na ce, "Haba Yaya, duk tsummokaran garin nan ba su ishe ka ba?"

Ya ce, "Kin manta? Baba bai taɓa toshe tsakanin katako da tsumman kowa ba sai nata. Tana faɗa yana yagawa."

Wallahi sai na ga abin kamar yau. Baba a tsugune yana cusa ƙyalle da bakin wuƙa, yana bi da kwalta. Inna a ƙofar kicin tana mita wai zai ƙarar mata da sutura. Shi kuwa sai ya ce, "Ai in da zanenki a ciki, dole in dawo gida."

Na je na ɗauko. Ni na fara yagawa da hannuna, na cire ɗan gefe na ƙulle a bakin mayafina.

Ranar Asabar za a saka kwalekwalen a kogin Chanchaga. Inna da ba ta taɓa yarda ta taka jirgi ba, har yau ita ke tare mana ruwa.

Ku fa, me kuka kasa rabuwa da shi cikin kayan iyayenku?