Mai Kofato da Mai Haniniya

Shekara ashirin da shida Orval Tiedemann ya yi a wani kamfanin shirya fim a Culver City, ba a taɓa ganin fuskarsa a majigi ba. Aikinsa ƙarar kofato. Zai durƙusa gaban akwatin yashi da ɓawon kwakwa biyu, yana kallon doki a allo, yana bugawa daidai da takunsa.

A 1937 aka kawo fim ɗin barkwanci na wasu 'yan caca da suka zuba komai nasu a kan wani ramammen doki. Kwana tara Orval ya yi a kan sukuwar ƙarshe kaɗai: dawakai goma sha biyu cikin taɓo, kowanne da irin takunsa. Har gwiwoyinsa suka kumbura.

Ana gab da gamawa aka shigo da wani Lester Pruitt, tsohon mai sayar da takalma da ya iya kukan dabbobi. Ya toshe hanci, ya saki haniniya ɗaya mai kama da dariyar mugunta, ya ɗauki hularsa ya tafi.

Da fim ya fito, Orval ya kai matarsa Verna sinima. Sukuwa ta wuce, ba wanda ya ce uffan. Amma da dokin ya juyo ya yi wa 'yan cacar haniniya, sai jama'a suka kece da dariya, Verna har da hawaye.

Ta juyo ta ce, "Orval, ka san mai muryar nan? Don Allah gayyato mana shi ranar Lahadi."

"Kin ji kofatan kuwa?"

"Wane kofato kuma? Ai na dawakan ne."

Lester ya zo, ya ci gasasshiyar kaza, ya yi haniniya sau huɗu a kan tebur. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Orval. "Mutumina, aikinka sai wanda ya sani. Ni kam ba zan iya ba." Da gaske yake, abin da ya fi ƙona ran Orval ke nan.

Mako biyu Orval yana shiga gareji yana gwada haniniya a ɓoye, har maƙwabciyarsu ta leƙo ta tambaya ko a kira likita. Daga ranar ya bari.

Lester ya koma rediyo, ya yi suna, ya sayi gida mai lambun lemo. Orval ya ci gaba da durƙuso har ya yi ritaya. Duk sanda muryar Lester ta fito a rediyo, sai ya miƙe ya ce wa Verna zai je ya duba mota.