Kujerar da Anti Waiwaye ta Matsar

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar darasi aka leƙo aka ce in fito. A bakin aji aka faɗa mini kin rasu, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya. Na koma ciki na tsaya da alli a hannu, na rasa ta inda zan fara gaya wa yaran.

Ɗalibaina ne suka laƙaba miki Anti Waiwaye, domin duk wanda ya karanta littattafanki na soyayya mai ban tsoro sai ya waiwaya bayansa. Kika karɓi sunan da dariya. Kowace Asabar kina zuwa ɗakin karatun makarantarmu kina koya musu rubutu, ba ki taɓa gajiya da tambayoyinsu ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar da ke yawo tun rasuwarki, wai aljanun da kike rubutawa ne suka taɓa ki. Iyaye sun fara janye 'ya'yansu daga darasin Asabar. Wani tela, mahaifin Auta, yarinyar da kika ce alƙalaminta zai fi naki, ya tare ni a ƙofar shagonsa ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, Auta ta gama zuwa. Ni ba zan zuba ido a taɓa mini 'ya ba." Labarin da take rubutawa na nan rabi, ta ajiye shi. Ina tsoron in buɗe ɗakin nan Asabar mai zuwa in tarar da kujeru kawai.

Shi ya sa zan faɗi yadda kike aiki, don na gani da idona. Da rana tsaka kike rubutu, taga a buɗe, rediyon maƙwabta na tashi. Ranar da kika fara zuwa wurinmu, kin fitar da yaran waje, kika matsar da kujera guda ɗaya ta fuskanci bango, sannan kika ce su shigo. Suka shiga dube-dube. Wani ya ce jikinsa ya ba shi an sauya wani abu, amma bai san mene ne ba. Kika ce, "To, wannan shi ne tsoro. Ba sai kun ɗauko dodo ba. Ku ɗauki ɗakin da mutum ya sani, ku matsar da abu ɗaya, ku bar zuciyarsa ta yi sauran aikin." Auta ce ta gano kujerar.

Ita kuwa soyayyar, daga gidanki kika samo ta. Maigidanki direban babbar mota ne, ya kan yi kwanaki a hanya. Kin ce kina zaune kina sauraron ƙarar makullinsa a ƙofa, duk motsi sai gabanki ya faɗi, ko shi ne, ko mummunan labari ne. Daga wannan jiran kika rubuta labarin amaryar da angonta ya rasu amma take ci gaba da jin ƙwanƙwasarsa. Kin sha gaya mana cewa so da tsoro uwarsu ɗaya, duka jira ne a bakin ƙofa.

Da na je gaisuwa na gaya wa maigidanki abin da ake faɗa. Ya share ido, ya yi murmushi, ya ce, "Wace? Matar da ko kyankyaso ta gani sai ta ƙwala mini kira? Malama, ciwon nan tun tana budurwa take fama da shi." Ya ce zai zo ranar Asabar ya zauna da yaran, ya faɗa wa duk uban da ke son ji. Na kai wa tela wannan saƙo. Ya dai tsayar da keken ɗinkinsa ya saurare ni har na gama.

Allah Ya jiƙanki, Anti Waiwaye, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ilimin da kika ba yaran nan ya zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki, Allah Ya ba su haƙurin rashinki.

Jiya na share ɗakin karatun, na jera kujerun, na matsar da guda ɗaya ta fuskanci bango. Allah Ya sa Auta ce za ta shigo ta gano ta.