Ranar da Muka Kai Baba Dutsen Shafa

Wata huɗu bayan rasuwar Inna, Baba bai ƙara sauka daga benenmu na unguwar Utaibiyya ba. A hawa na uku muke, kuma ba wani ciwo ne ya kama masa ƙafa ba. Dainawa kawai ya yi. Mutumin da a da ladan bai rufe baki ba yana ƙofar masallaci, sai ga shi yana sallah a ɗaki. In ya idar ya zauna a bakin taga, ya zuba wa bangon gidan maƙwabta ido har a kira wata sallar.

Ni da yayana a nan Makka aka haife mu. Sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa Uwata yake kirana. Ɗinkin abaya nake yi, kuma bayan rasuwar na kwaso kekena na dawo gidan don in kula da shi. Yaya kuwa direba ne, yana jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Harami. Shi ya kawo shawarar mu fitar da Baba daga gari, mu hau da shi Shafa, duwatsun nan na bayan Ɗa'if inda mutanen Makka ke gudun zafi.

Baba yana saurayi ya zo aikin hajji daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara, daga baya Inna ta iske shi, suka zauna. Ya fi shekara talatin ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana aiki a wurin mahauta, kuma a duk tsawon lokacin bai taɓa wuce Arfa ba don tsoron masu binciken takardu. Ko da ya samu takardar ya riga ya tsufa, ya kuma saba da zaman wuri ɗaya. Mun san mahaifinsa maharbi ne, amma iyakar abin da muka sani ke nan.

Da na faɗa masa maganar tafiyar, bai ko juyo ba ya ce, "Ku je, Allah ya kiyaye hanya."

Na ce, "Baba, an ce akwai daji a can. Itatuwa da namun dawa."

Sai a nan ya dube ni. "Daji? A ƙasar ga?"

Washegari da na fito bayan asuba, na tarar ya riga ya sa rigarsa, yana zaune a bakin gado da sandarsa.

Tun kafin mu isa shingen bincike na hanyar Hada ya ciro iƙamarsa ya riƙe da hannu biyu. Jami'in ko leƙo motar bai yi ba, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Baba bai mayar da ita aljihu ba sai da muka yi nisa da hawa. Hanyar tana ta murɗewa a jikin dutse, kunnuwana suka toshe, zafin gari ya fara sakinmu. A wata kwana muka iske motoci sun tsaya, mutane na jefa wa gwaggon birai burodi ta taga. Yaya ya rage gudu don Baba ya gani. Ya kalle su ɗan lokaci, ya ce, "Wuce. Waɗannan sun lalace, mota suke jira."

Bayan mun wuce rumfunan masu sayar da 'ya'yan itace, Yaya ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar tsakuwa, har muka isa wani gandu da aka kewaye da waya. A ciki an dasa ƙananan itatuwa layi-layi, baƙar tiyo ta bi gindin kowanne tana ɗiga ruwa. Can sama da su ga tsofaffin itatuwan ar'ar, masu duhun ganye da wani ƙamshi kamar na turaren wuta. Da yawansu sun bushe daga kai.

Mai gadin wurin wani dattijo ne ɗan Sudan. Ya gaishe da Baba da hannu biyu, ya ce tsofaffin ne ke mutuwa shi ya sa ake dasa sababbi. Ya nuna wani da bai wuce gwiwa ba, ya ce tun zuwansa wurin aka dasa shi. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya tona gindin da yatsa, ya shinshina ƙasar. Da muka ce za mu ɗan taka, mai gadin ya ja mana kunne. Ya ce da rana ta karkata dabab kan taso, wato gajimaren nan da ke saukowa har ƙasa ya rufe ko'ina, kuma ta yamma dutsen ya yanke, rami ne mai zurfin gaske. Yaya ya ce shi zai tsaya ya hura gawayi ya gasa naman da muka zo da shi, mu zaga mu dawo.

Muka ratsa cikin tsofaffin itatuwan, ni da Baba. Da farko ina riƙe da hannunsa. Ba mu yi nisa ba ya zare hannun ya wuce gaba. Ban taɓa ganin irin wannan tafiyar a wurinsa ba. A gari yakan ja ƙafa ne, kansa a sunkuye. A nan ma kan a sunkuye yake, amma karanta ƙasa yake yi, yana ajiye ƙafa a hankali ba ka jin motsinta.

Da itatuwan suka ƙare sai muka fito wani buɗaɗɗen tudu, ba komai sai duwatsu da gajerun tsirrai da iska mai sanyi. Ya tsaya ya nuna ƙasa da sanda.

"Uwata, mi kika gani?"

Na ce, "Tsakuwa."

"Zomo ya bi nan da safen ga. Ga kuma wanda ya biyo shi, yanyawa. Ba ta cim mai ba, dubi inda ta juya."

Na duba iya dubawa, ban ga komai ba sai ɗan gurbi a cikin rairayi. Can gaba ya sunkuya ya ɗauko wani tsinke doguwa mai zanen fari da baƙi, ya miƙo mini. Ya ce ƙayar beguwa ce. Ban san kalmar ba. Na tambaye shi da Larabci ko wace dabba ce, ya yi ta kwatanta mini har na gane. Haka muka yi ta yi. Wasu tsuntsaye suka tashi fir daga gabanmu har na firgita, ya ce makwarwa. A kan wani falalen dutse wasu 'yan dabbobi masu kama da zomo marar kunne suna shan hantsi. Ni wabar na san ana ce musu. Ya ce rema, ya sa na maimaita. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ranar na gane Hausar da na iya ta ɗaki ce da kicin da gaisuwa, akwai wata mai yawa da Baba ya ajiye don babu inda zai yi amfani da ita a Utaibiyya.

Muna tafe yana ba ni labarin dajinsu. Yadda mahaifinsa kan tashe shi su fita tun raɓa ba ta bushe ba, da yadda ya hana shi harbin dabba mai ciki. Maganar da ya yi a wannan hantsin ta fi wadda ya yi a wata huɗun nan gaba ɗaya. Daɗin haka ya sa ban lura da nisan da muka yi ba, ban kuma lura da rana ba.

Sanyi na fara ji a wuyana. Da na waiga yamma, sai na ga wani farin abu yana hawowa daga bakin ramin, yana cinye duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama ce wa Baba mu juya ya iso mu. Itatuwan da muka baro suka ɓace, falalen remar ya ɓace, har ƙarshen sandar Baba da ƙyar nake gani. Na ciro waya, babu layi. Na tuna maganar ramin. Na kama hannunsa ina ja, ni kaina ban san inda nake jan sa ba.

Ya ce, "Tsaya. Mi kike tsoro? Zauna nan."

"Baba, yalla, mu tafi kafin ya ƙaru!"

"In kika yi gaggawa yanzu, ramin za ki nufa. Zauna."

Muka zauna a jikin wani dutse. Abayata ta jiƙe da laima. Ya ce lokacin azahar ya yi. Ya juya fuskarsa yana jin iskar, ya ce daga wajen ramin take zuwa, kuma Makka tana ƙasan ramin, don haka alƙibla ke nan. Muka yi alwala da ruwan gorar da na riƙo, ya ja mu sallah a kan tsakuwa.

Bayan ya sallame bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon farin da ke gabanmu, sannan ya ce, "Innarku ta roƙe ni sau uku in bar ta ta je gida ta ga tsohuwarta. Na hana. Na ce in ta fita ba za ta samu shigowa ba, wa zai riƙe ku? Na ukun, an aiko ne cewa tsohuwar tana kwance. Na ce ta yi haƙuri. Wata biyu aka aiko da rasuwa." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Daga ranar ba ta ƙara yi min maganar gida ba. Ko sau ɗaya. Ni kuma ban taɓa ce mata ta yahe min ba. Kullum ina cewa gobe."

Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin da abin ya faru, kuma ina tune da shi sarai. Na so in ce masa ba ta damu ba, amma ya san ƙarya ce, ni ma na sani.

Na ce, "Ta yi kuka, Baba. Ta daɗe tana yi, a kicin, in ba ka nan. Amma wallahi har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambace ka da mugun abu ba. A asibiti ma abin da take ta nanata mini shi ne kada in bar ka da yunwa."

Kafaɗunsa suka riƙa girgiza. Ranar jana'iza ban ga hawayensa ba, sai a wannan tudun. Na matsa na jingina da shi, muka zauna a haka, ban san iya tsawon lokacin ba.

Shi ya fara miƙewa. Ya ce in riƙe bayan rigarsa, kada in saki. Ya sa iskar a kafaɗarsa ta dama, ya sunkuya yana bin ƙasa. Nan ya nuna inda takalmina ya kife wata tsakuwa, can inda sandarsa ta huda rairayi. Sau biyu sawun ya ɓace masa a kan dutse, ya tsayar da ni wuri ɗaya, ya zaga a hankali har ya tsinto shi. Can sai ya ɗaga kai ya ja numfashi, ya ce, "Kin ji itatuwan?" Na ji ƙamshin ar'ar kafin in ga ko ɗaya. Daga nan muka fara jin hon ɗin mota, Yaya yana ta dannawa ba ƙaƙƙautawa.

Muka iske shi a bakin wayar gandun shi da mai gadi, idanunsa sun yi ja. Ya hau ni da faɗa da Larabci, wai ina hankalina, in da tsohon ya faɗi fa? Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Kai, bar ta. Ni na kai ta, ni na maido ta." Mai gadin ya shigar da mu ɗakinsa ya zuba mana shayi mai zafi. Naman ya riga ya ƙone, muka ci abin da ya ciwu.

A hanyar dawowa, da muka zo miƙatin da ke kan hanyar Hada, Baba ya ce Yaya ya tsaya. Muka ce ya gaji, a bari sai wani lokaci. Ya ce a'a. Ya sayi harami a nan, ya yi wanka, ya ɗauki niyyar umara a madadin Inna. Tun daga can har muka sauka dutsen yana talbiyya, mu biyu muna amsawa a hankali.

Ba zan ce tafiyar ta warkar da shi ba. Akwai ranakun da yake wuni bai ce uffan ba. Amma a makon ya sa Yaya ya nemo masa lambar dangin Inna a gida, abin da bai taɓa yi ba. Aka haɗa shi da ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ina zaune a gefe ya faɗa mata abin da ya faɗa mini, ya roƙe ta ta yafe masa a madadin gidansu. Ina jin kukan tsohuwar ta cikin wayar, tana cewa, "Ba komai, Alhaji, ba komai, Allah ya yahe muna baki ɗaya."

Daga nan duk Juma'a bayan la'asar sai ya kira ta, su gaisa, ya tambayi ruwa da amfanin gona da wanda ya haihu da wanda ya rasu. Shekara guda da 'yan watanni suka yi a haka. Ranar da Allah ya karɓi ransa, bayan an yi masa sallah a Harami an kai shi, ni na kira ta na faɗa mata.