Kujerar Mama Ƙofa

Mama Ƙofa tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa a wani ɗan shago bayan tashar mota, amma ba ɗinki ne ya ba ta suna ba. Tun tana amarya take zama a bencin ƙarshe na coci, daf da ƙofa. Marigayi mijinta yakan ce don ta riga kowa gudu ne in wa'azi ya yi tsawo. Ita kuwa harara kawai take aika masa.

Gaskiyar magana, daga bencin baya ake ganin mutane. Fuska kowa na wanke ta ya shafa mai kafin ya zo, amma wa ke tunawa da kafaɗunsa? Mama na ganin wadda kafaɗarta ke rawa lokacin addu'a, da wanda ya sulale kafin a tashi. Sai ta bi shi waje su zauna a matakala. Ba ta cika magana ba, hannu take riƙewa.

Da aka zaɓe ta cikin dattawan ikilisiya, mace ta farko, 'yan zumuntar mata sun yi murna kamar su ɗage rufin. Wani tsohon kafinta, wanda ya fi kowa daɗewa cikin dattawan, shi kaɗai ya ƙi ɗaga hannu.

"Ba ƙin ki nake ba," ya ce mata, "ban dai saba ba ne."

"Ni ma ban saba ba, Baba."

Aka ba ta kujera mai hannu kusa da mumbari, tana fuskantar jama'a. Jikinta na gaba, hankalinta na ƙofa. Akwai matar wani direba da ɗanta ya rasu kwanan baya, wadda sai da Mama ta yi ta lallashi kafin ta yarda ta dawo coci, da sharaɗin za su zauna tare. Ga ta can yau ita kaɗai a bencin ƙarshe.

Yara suka fito yin waƙa. Matar direba ta miƙe, ta rufe baki da gefen mayafi, ta fice.

Zuciyar Mama ta karye. Tsakaninta da ƙofa akwai ikilisiya guda. In ta tashi, gobe a ce an ba mace kujera ta kasa zama, kuma ba ita kaɗai maganar za ta shafa ba, har da matan da za su zo bayanta. Ta daure, ta daure, sai kawai ta ga ta miƙe. Takalmin nan nata sabo, mara kunya, ya yi ta ƙwas-ƙwas har bakin ƙofa.

Ta same ta a matakala.

"Mama, ki koma, ana kallonki fa."

"Su kalla, 'yata. Matsa min."

Da aka tashi, tsohon kafintan nan ya wuce ta ya kama hanyar gida. Duk makon nan ɗinki ya ƙi ta, har aljihun wando ta ɗinka a baibai. Tsoro take ji kada abin da ta yi ya ja wa sauran mata matsala.

Ran Lahadi ta zo da wuri, ta shirya wa faɗa. Sai ta tarar da kafinta yana jan kujerar nan mai hannu daga gaba, yana haki. Ya ajiye ta bakin ƙofa, ya durƙusa da ƙyar, ya cusa ɗan guntun katako ƙarƙashin ƙafa ɗaya, don daɓen wurin ba daidai yake ba.

"Baba, korata aka yi?"

"Wa ya isa?" ya ce, bai ɗago ba. "Da matata ta rasu, a gaba kika same ni? Ba a matakalar nan kika riƙe min hannu ba? Zauna in ga ko tana rawa."

Ta zauna. Kujera ba ta rawa, idonta ne dai ya ciko. Can matar direba ta shigo, ta zauna a bencin gefenta, ta miƙo mata hannu.