Rabi Ta Zaɓi Tarihi

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta, a maƙabartar da ke bayan ƙauyenmu kusa da Bunkure. Tana da shekara ashirin da takwas. Ciwon hanta ne, bai ba ta ko wata biyu ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba, don ni ba marubuci ba ne. Gyaran injin ban-ruwa nake yi, ina kuma noman tumatir da shinkafa a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani. Amma na gaji da yin shiru.

Rabi ce ta fara shiga jami'a a gidanmu. Kowa ya ɗauka aikin asibiti za ta karanta, domin sakamakonta ya kai. Baba har ya fara kiranta likita. Sai ga ta ta dawo daga Kano da takarda, wai sashen tarihi ta zaɓa. Ba ma tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Da karatun ya yi nisa sai ta karkata ga tarihin kimiyya da magani da ƙere-ƙere. Baba ya yi kwana uku da ka kawai yake amsa gaisuwarta. Ni kuwa na fi kowa baki. Na ce, "Rabi, mutane suna koyon yadda ake allura, ke kina koyon yadda aka yi ta a da. Wa zai ɗauke ki aiki?"

Ta dubi injin da na kwance a tsakar gida, ta ce, "Yaya, kafin wannan ya zo, da me ake ba gonarmu ruwa?"

Na ce da jigo mana, kowa ya sani.

"To yaya ake kafa shi? Da wane ice?"

Ban sani ba. Da jigo kakanmu ya ciyar da gidan nan, doguwar sanda da guga a baki da curin ƙasa a gindi, amma ni jikansa iyakar abin da na sani ke nan.

Duk hutu sai ta sa ni in goya ta a babur, ina ƙorafi, mu bi ƙauyukan Kura da Garun Malam neman tsofaffi. Akwai Malam Tanko, wanda ya yi noman jigo tun kafin a haƙa kanal, idanunsa sun tafi amma kansa garau. Rabi takan zauna a ƙasa gabansa, waya na ɗaukar murya, ita kuma tana rubutawa. Ina rijiyoyin suke? Gaba nawa ake haƙawa kafin a tarar da ruwa? Ta tambayi tsofaffin mata yaushe suka fara ganin yara da yawa suna fitsarin jini, cutar da muke kira tsargiya, kafin zuwan kanal ne ko bayansa. Ta tambayi wani tsohon wanzami yadda iyayensa suke yi wa mutane tsagar rigakafin agana tun ba a san allurar asibiti ba.

Kada wani ya zaci yabon magabata take yi. Wanzamin nan ya gaya mata da aska ɗaya ake yi wa yara da yawa kaciya, ta rubuta, ta kuma tambaye shi ko akwai waɗanda ba su tashi ba. Ya fusata. Ta ce, "Baba, ba zagi na zo yi ba, ba kuma kirari ba. So nake a san abin da ya faru." Can sai ya ambaci sunayen yara biyu, ƙwalla na zubo masa.

Ta gama digirin farko, ta shiga na biyu, ciwo ya kama ta tana tsakiyar rubuta kundinta. A wurin zaman makoki na ji wani maƙwabcin gonata yana cewa, da aikin asibiti ta karanta da ta gane ciwon da wuri. Ina zaune a tabarma ɗaya da shi, ban ce uffan ba. Har yau abin yana cina.

Shekara huɗu bayan rasuwarta aka rufe ruwan kanal ɗinmu don gyara, aikin ya wuce lokacin da aka faɗa. Tumatir ya fara fure, ƙasa ta tsattsage. Rana ta shida da wucewar wa'adin na shiga ɗakin Inna, mahaifiyarmu, na buɗe akwatin da aka ajiye littattafan Rabi. Na sami bayanin Malam Tanko da rubutun hannunta: tsohuwar rijiyar jigo tana tsakanin giginya da marke, yamma da gonarmu, ruwanta ba ya ƙafewa ko da bazara. Marken an sare shi, amma kututturen yana nan. Mu huɗu muka kama haƙa. Ba mu kai gaba uku ba laka ta fara tsattsafo. Gonaki biyar suka sha daga ramin nan har aka sako ruwa. Maƙwabcin nan ma ya zo da tiyonsa. Na bar shi ya ja, amma sai da na nuna masa shafin, na ce ya karanta sunan mai littafin da ƙarfi.

Sai dai ba da rijiyar nan nake kare Rabi ba. Ko da mun haƙa mun tarar da dutse, gaskiya tana wurinta. Mutanen da ba su san yadda abin hannunsu ya zo musu ba, duk wanda ya sauko daga mota da sabon kaya sai ya gaya musu ba su taɓa sanin komai ba, su kuma su yarda.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Man fetur ya gagari manomi, faranten sola sun jeru a bakin kanal, matasa suna ɗaukar hoton ganyen tumatir su tambayi waya wace cuta ce. Na san ba za ta ruɗe ba, ba kuma za ta tsorata ba. Za ta tsuguna ta tambaya: wa ya ƙera, wa zai gyara in ya lalace, ina za a zubar da shi in ya mutu, masu gyaran inji irina kuma ina za su nufa? Ban ji wani yana yin waɗannan tambayoyin a nan ba.

Makon jiya babbar 'yata Safiya ta sami gurbi a jami'a, sashen tarihi, kuma ita ta cika takardar da hannunta. Ranar Juma'a bayan masallaci Baffa Garba, ƙanen mahaifinmu, ya zo gida takanas. Ya ce, "Isa, ka bari a maimaita kuskuren Rabi? Akwai makarantar aikin jinya, a mai da ita can."

Na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara girma. Aikin jinya abu ne mai kyau, ƙanwarta ma shi take so, kuma zan tsaya mata. Amma Rabi ba ta yi kuskure ba. Mu muka yi, ni ne ma kan gaba. Kada a sake faɗar haka a gidan nan."

Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Zan je in gaishe shi, Baffana ne, amma ba zan janye ba.

Rabi ba ta bar littafi a kasuwa ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba, kundinta ma bai kammalu ba. Abin da ta bari shi ne muryoyin tsofaffin da duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba don ita ba da sun tafi da saninsu cikin ƙasa. Safiya ta roƙi Inna akwatin, Inna ta ce sai dai ta kwafa ta dawo da shi. Ranar Asabar da safe ni da kaina zan kai ta tasha, kuma ta tsakiyar kasuwa za mu bi, don duk mai tambayar abin da za ta karanta ya ji daga bakina.