Jinin da Bai Fito a Gwajin Farko Ba

Da ɗana ya fara kuka da ƙafa, Aliero muka nufa, don a wajenmu duk wanda ƙashi ya dama wurin masu ɗori ake kai shi. Wani tsoho mai ɗori ya lallatsa ƙafar daga cinya har idon sawu, ya ce, "Babu karaya ga yaron ga. Ku tai a duba jininai."

A asibiti a Jega aka ce sikila ce. Ba ciwon kaɗai ya tsorata ni ba. Kafin aurenmu an gwada mu, aka ce ni ina ɗauke da ita, maigidana kuwa ba shi da ita. Duk danginsa na Maiyama sun san haka, surukata ma takan yi alfahari da zancen a gidan biki kamar ita ta tace jinin da rariya. Kuma kowa ya san sai uwa da uba sun haɗu suke ba yaro sikila.

Ba wanda ya fito fili ya zarge ni. Surukata dai ta zo dubiya, ta daɗe tana kallon kunnuwan yaron, ta ce, "To wanga ciwo, ina yaf fito?" Maigidana ya rage magana. Na san ban yi komai ba, amma da me zan rantse a yarda?

Likita ta ce a sake gwada uban. Ya ƙi, wai an gwada shi tuntuni. Sai da na yi masa kuka ya miƙa hannu.

Da sakamako ya fito, ta ce gwajinsa na farko irin jini ɗaya kawai ya nema, wanda ake kira S. Akwai wani, C, shi yake ɗauke da shi. Yaron ya ɗauki S a wurina, C a wurin ubansa.

Wallahi daɗi na ji, a tsakiyar asibiti har na kusa yin guɗa. Maigidana ya ɗauki yaron ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "Ashe ni nib ba ka."

Muna shirin fita likita ta ƙara da cewa duk cikin da zan ɗauka yana iya zuwa da haka. Na dafa marata. Ban riga na gaya masa ina da wani cikin ba.